Ƙahon da Aka Ce Ya Kashe Maccido

Armiya'u bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a ransa ya amsa cewa tsoron wayarsa yake ji. Duk lokacin da ya rubuta sunan marigayi kawunsa Maccido a wurin bincike, hoto ɗaya ne yake fitowa: Kawu cikin farar rigar 'yan badujala, ya rungume wani ƙaton ƙaho na tagulla mai naɗe-naɗe kamar hanji, wanda masu sana'ar suke kira tuba. A ƙarƙashin hoton kuwa kalmomin da shi Armiya'u ya rubuta da hannunsa ne, a shafukan mutanen da bai taɓa sani ba.

Kawu Maccido ya shekara talatin yana busa ƙahon nan a ƙungiyar badujala kafin ya ajiye aiki ya koma Shinkafi. A can tari ya kama shi, ya yi wata biyu yana jinya, Allah Ya karɓi abinSa. Bayan addu'ar bakwai Armiya'u ya koma Ƙauran Namoda, shagon da yake buga wa ɗalibai takardu, ya ƙudurta zai rubuta wa kawun nasa ta'aziyyar da ta dace da shi. Mutum ne mai taka-tsantsan, mai difloma a fannin adana littattafai, ba ya son ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Da yake a Ƙaura ya tashi, bai taɓa tsayawa ya kalli yadda Kawu yake busa ba, sai ya shiga intanet ya yi bincike.

Ya samu wani shafi na Turanci mai kyan tsari, har da zane. Shafin ya ce a cikin bakin tuba akwai wani siririn kara da yake kaɗawa ya ba da sauti, mai busa kuma dole ya cika kumatu ya tura iska da ƙarfin tsiya, abin da yake raunana huhu a hankali. Armiya'u bai yi kokwanto ba, domin tun yana yaro yake ganin masu algaita da karansu da kumatunsu a kumbure. Ya fassara bayanin cikin Hausa mai tsabta, sannan ya ƙara layi ɗaya daga kansa: ƙahon da ya ciyar da shi, shi ne ya cinye ƙirjinsa.

Ya sa rubutun a shafinsa na intanet, ya yi farin jini. Ana cikin yabonsa, sai saƙo ya zo daga Zurmi cewa Baba Jibrin, abokin busar Kawu, yana son ganinsa.

Ya tarar da tsohon a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Baba Jibrin ya zura hannu a aljihu ya ciro wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin mazurari. Ya ce bakin busarsa ne, shi kaɗai ya rage masa daga aikin.

"Leƙa ciki, malamin boko. Mi ka gani?"

"Ba komai, Baba. Haske ne kawai."

"To ina karan naka?"

Armiya'u ya miƙa masa abinsa. Tsohon ya karɓi ƙarfen, ya haɗa leɓɓansa ya karkaɗa su irin yadda yara suke kwaikwayon babur, sai wani ɗan gurnani ya fito. Ya bayyana masa cewa leɓɓan mutum su ne suke yin sautin, ƙaho ɗauka kawai yake yi ya girmama shi, maɓallan da ake dannawa kuwa hanyar iska suke tsawaitawa don muryar ta sauka. Ya ce wanda ya cika kumatu a ƙungiyarsu, malaminsu da sanda yake sace masa su. Iskar da ake so mai yawa ce amma mai taushi, irin wadda mutum yake hura wa hannunsa idan ya ji sanyi. Shi ga shi nan, shekara saba'in da takwas, da ƙafa yake zuwa gona. Ciwon Maccido dai Allah Ya san shi, amma ba ƙaho ba ne.

Sai da Armiya'u ya miƙe zai tafi sannan tsohon ya faɗi dalilin kiran. An karanta wa Inna Hindu, matar marigayin, rubutun a wurin wani suna. Ita ce kuwa take goge masa ƙahon, ita ce take ce masa ya busa da hantsi idan ta ga kewar aiki ta dame shi. Tun ranar take cewa da hannunta ta taya aka kashe mijinta. Ta aika wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya fasa ƙahon a gabanta ya kwashe.

Tun a mota Armiya'u ya goge rubutun, ya rubuta gyara. Mutum bakwai suka karanta gyaran. Na farkon kuwa ya riga ya haihu: wani ya kwafe shi ya sa sunansa, wani ya karanta shi da murya a bidiyo, wani ya ƙara cewa likitoci sun tabbatar. Kwana uku ya yi yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, suna ƙaruwa. Gurnanin nan kuma ya ƙi barin kunnensa. Yana jin sa a injin niƙan maƙwabta, yana jin sa a manyan motocin da suke lodin hatsi a kasuwa, ƙasa-ƙasa, kamar dattijo yana gyaran murya a bayan ƙofa yana jira a ba shi izinin magana.

Ranar Alhamis ya bi motar farko zuwa Shinkafi. Mai ƙarafan ya riga shi isowa, yana zaune a zaure da guduma a kan cinya. A tsakar gida an shimfiɗa buhu an kwantar da ƙahon. Inna Hindu tana zaune nesa da shi, ta juya masa baya. Ta rame har zobenta yana yawo a yatsa.

Armiya'u ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya faɗa mata komai: cewa shi ya rubuta, cewa bai sani ba ya rubuta, cewa layin da ya fi yi mata ciwo babu inda ya gan shi, shi ya ƙirƙira don rubutun ya yi daɗi. Ta daɗe tana kallonsa.

"To ni wa zan gaskata, ɗana? Kai na jiya da ka rubuta, ko kai na yau da kake magana? Duk kai ne mai karatun."

Armiya'u ya juya wajen buhun. Ya matsa ya ɗaga ƙahon, ya ji nauyinsa. A kan maɓallan tagullar ta koɗe daidai wurin yatsun Kawu, kuma da ya ɗora nasa sai suka zauna a ciki. Ya taɓa wani ɗan marfi a gindin bututun bisa kuskure, ɗigo biyu na ruwa mai kore-kore suka sauka a kan buhun. Inna ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, tururin numfashin Kawu ne, kullum yakan zubar bayan ya gama, ranar ƙarshe ce bai samu ya zubar ba.

Armiya'u ya gyara riƙon ƙahon. Ya kai bakinsa, ya cika kumatu, ya tura iska iya ƙarfinsa. Babu abin da ya fito sai huci.

"Ba haka yake yi ba," in ji Inna. "Shi bai taɓa kumbura fuska ba. Kamar mai barci yake idan yana busa."

Tana rufe baki ta tsaya cak, ta ji abin da ta faɗa. Shekara talatin tana kallon fuskar nan, amma rubutu ɗaya ya sa ta ƙaryata idonta. Armiya'u ya sassauta kumatunsa, ya karkaɗa leɓɓansa yadda Baba Jibrin ya nuna masa. Wata murya mai kauri ta fito, a karkace, tana rawa, ta bi ƙasa har ƙwaryar da ke kan turmi ta amsa. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Daga zaure mai ƙarafan ya yi gyaran murya, ya ce rana tana yi, kasuwa ba ta jiran kowa. Inna ba ta ce a fasa ƙahon ba, ba ta ce a bar shi ba. Armiya'u ya miƙe da ƙahon a ƙirjinsa, ya yi magana yadda na zauren zai ji.

"Malam, ka yi haƙuri, ba za a fasa shi ba. Inna, zan kai shi Zurmi wurin Baba Jibrin in koya. Idan na iya, duk gidan da aka karanta maganar nan zan je da ƙafata, in busa su gani, in ce ni na yi ƙaryar."