Bijimin da Modu Ya Ƙi Karɓa

Babakura dillali ne a kasuwar shanu ta Potiskum, mutum mai bakin ciniki. Ya gina gida a unguwar Dogo Nini, ya je Makka. Amma tsofaffin kasuwa in sun kira shi Alhaji a gabansa, da ya juya baya wani abu suke tunawa. Lokacin ƙuruciyarsa an kama shi a ɗakin Hansatu, matar amininsa Modu mahauci. Modu ya sake ta, ta koma gidan iyayenta a Danchuwa, ba wanda ya ƙara neman aurenta har ta rasu.

Babakura ya tuba, ya ɗauka shekaru sun binne zancen.

Sai 'yarsa Rauda ta gama karatun jinya, wani malamin makaranta mai suna Abbas, tashin Damaturu, ya fito nemanta. Da magana ta kai gaban manya aka ji ashe Modu ƙanin mahaifin Abbas ne, kuma tun rasuwar uban shi ke yanke magana a dangin. Modu ya ce sam.

Babakura ya zaɓi bijimi ƙosasshe, bayan la'asar ya ja shi da kansa har ƙofar gidan Modu. Ya durƙusa a gaban tabarma, abin da bai taɓa yi wa sa'ansa ba.

"Modu, don girman Allah ka yafe mini. Yarinyar nan ba ta san komai ba."

Modu ya daɗe yana kallon bijimin, sannan ya ce, "Nawa 'ya'yan fa? Su ma ba su san komai ba, amma sun tashi ba uwa, ana nuna su da baki. Gafara kam ka nema wurin Allah, Yana bayarwa. Ni dai jinina ba zai kira ka suruki ba. Kwashe dabbarka."

Haka Babakura ya jawo igiya ya dawo, masu shaguna suna leƙe, yaran da ba a haifa ba lokacin abin suna tambayar me ya faru, manya suna ba su labari.

A tsakar gida ya tarar da Rauda, idanunta sun kumbura.

"Baba, gaskiya ne?"

Ya kau da kai, ya wuce ya ɗaure bijimin. Ba ta sake tambaya ba.

Kafin damina ta nemi aiki a wani asibiti a Nguru, ta tafi. Tana kiran mahaifiyarta kullum. In aka miƙa wa Babakura wayar takan ce, "Ina wuni, Baba," sai ta ce marasa lafiya na jiranta.