Kunnen Dama

Shekara uku ta yi tana sa ɓeraye barci, tana tura su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, tana duba wane sashe ke motsawa tare da wanne. A gida Likitar Ɓera ake ce mata, ita kuwa ko a jikinta.

Tambayarta ɗaya ce. Ɓera mai ciwon mantuwa, hanyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwarsa sukan tsinke. Shin maganin da take gwadawa zai sake ƙulla su? Taswirar ƙwaƙwalwar ɓerayen da ta ba maganin ta fito tsaf, jajayen layuka sun haɗe kamar na lafiyayye. Har Farfesan da ke duba aikinta, wanda murmushi ke yi wa wuya, ya ce a rubuta.

Ranar Talata ta shiga ɗakin keji, ta tarar da dattijon da ke kiwon ɓerayen yana huda kunnuwan sababbi. Ƙa'idar ke nan: mai ciwo a huda masa kunnen dama, lafiyayye na hagu. Ya ɗago wani mai ciwo suna fuskantar juna, ya huda.

"Baba, ai wannan kunnen hagu ne," ta ce.

"Na dama ne, 'yata. Ga hannuna."

"Damarka ko damarsa?"

Dattijon ya dubi hannunsa, ya dubi ɓeran. "Ni tun da na fara aikin nan haka nake yi."

Ita kuwa kullum ta wajen wutsiya take duba kunne. Ashe lafiyayyu ta yi ta ɗura wa magani, su kuwa bayin Allah suka yi ta warkewa.

Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ba ta ji komai ba, ko haushi. Ta cire safar hannu, ta wanke hannunta sau biyu, ta ce wa dattijon sai gobe.

Da la'asar ta samu mahaifinta a kan kujerarsa ta bakin taga. Sunanta ya daɗe da ɓace masa, amma zancen ɓeraye ya ƙi fita daga kansa.

"Yarinya, ɓerayen nan naki sun warke?"

"Lafiyarsu ƙalau, Abba."

Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta washe. "To, saura ni ke nan."

Ta durƙusa gabansa. Ya sake sa maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba. Ta ɓalle su duka, ta fara sa masa daga sama.