Gida Ɗaya Tak a Gonar Likita Muntaka

Likita Muntaka, mutumin Gwarzo, ya shekara ashirin yana duba marasa lafiya a garin Lanham, can ƙasar Turawa, amma burinsa ɗaya ne: ya tara 'ya'yansa wuri guda kamar yadda mahaifinsa ya yi, duk wanda ya yi aure a yanka masa sashe. Shi ya sa ya sayi gona eka arba'in can gaba da Manassas. Babban ɗansa Khalil ya samu aiki a Seattle, uwa duniya, uban ya ce ina! Ga fili, kafin bikin aurensa an gama masa gini.

Alhali tun ranar saye lauya ya karanta masa sharaɗi: gonar ta noma ce, gida ɗaya tak, wanda ke ciki. Likita ya gyaɗa kai kawai. A ransa, wane sharaɗi ne gaisuwa ba ta warwarewa?

Da hukuma ta hana izinin gini, sai ya zuba babbar riga, ya sa matarsa Hajiya Tayyiba ta yi dambun nama, ga turare, ga atamfa turmi guda, suka nufi gidan Constance, tsohuwar da ta sayar musu.

"Alhaji, Baturiya za ka kai wa atamfa?" in ji Hajiya a mota.

"Tsohuwa tsohuwa ce, ko a ina take."

Constance kuwa ta ji daɗi, ta ci dambu har da lasar yatsa. Likita ya gaida ƙafarta, ya gaida jikoki, har karenta bai bari ba, sannan ya sunkuyar da kai ya roƙi alfarma, ta janye sharaɗin.

"Likita, ko ni ban isa ba," ta ce. "Ni da marigayi mijina mun miƙa wa ƙungiyar kare gonaki wannan iko, don kada a yayyanka ta a yi gidaje. Har abada."

Ya yi gyaran murya. "To, Allah ya ja kwana, bayan ranki fa?"

"Ko bayan naka. Amma rumbu da ɗakin shanu, wannan an yarda."

Hajiya ta juyo da Hausa. "Ka ji! Saniya ta samu ɗaki, ɗana bai samu ba."

Tsohuwar ba ta ji ba, amma ta ga fuska. Ta dafa hannun Hajiya. "Ni ma 'ya'yana uku ne. Gonar na hannuna suka watse."

Suka kama hanyar komawa. Daidai shingen gonar Likita ya tsaya, ya daɗe yana kallon ciyawa, sannan ya kira Khalil a waya.

"Aikin nan, sun ba wani?"

Yaron ya amsa da Turancinsa, wai suna jiransa zuwa Juma'a.

"To ka karɓa. Allah ya sa albarka."

Hajiya ta juya fuska wajen taga, tana gyara mayafin da bai zame ba.