Tabon Hannun Inna

Saje tsohon soja ne, shi ke kula da bangon tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Bango ne na farin dutse, sunaye jere reras tun daga ƙasa har inda sai an hau tsani. Tun da harsashi ya lalata masa gwiwa aka miƙa masa tsintsiya da bokiti, shi kuwa ya riƙe aikin da zafi. Ka kuskura ka jingina da bangon nan, ranar sai ka ƙoshi da tsawa.

Mutum ɗaya ce ba ya ɗaga wa murya, wata tsohuwa da yake kira Inna. Sunan autanta na jikin bangon. Ba ta iya karatu ba, idon ma ya soma hazo, amma bai taɓa jin ta ce a nuna mata wurin ba. Da hantsi takan zo dogare da sanda, ta miƙa hannu ta yi ta shafa sunan, tana ba yaron labarin gida: wa ta haihu, wa ya bar unguwa, rufin ɗaki ya fara yoyo. Shekara da shekaru, maiƙon hannunta ya yi wa wurin baƙin tabo, fentin haruffan ya kusa gogewa.

Ana gab da faretin tunawa aka killace filin, ogan su Saje ya zo zagaye, ya tsaya a gaban tabon yana yamutsa fuska.

"Wannan dauɗar fa, Saje? A nan manyan baƙi za su ajiye furanni!"

Maganar ta yi wa Saje ciwo, shi da ba a taɓa kama shi da ƙazanta ba. Sannan a ransa ya ce ai ma gata zai yi wa Inna, tunda sunan yaron ɓacewa yake yi. Ya ɗauko burushi da garin sabulu, ya dirje wurin har kafaɗarsa ta ƙage, ya bi haruffan da sabon fenti ɗaya bayan ɗaya. Ya ja da baya ya duba, bango fes, ko'ina iri ɗaya. Har da murmushinsa, bawan Allah.

Bayan an yi fareti an kwashe rumfuna, sai ga Inna. Ta tsaya inda ta saba, ta ɗaga hannu, hannun ya tsaya a iska. Ta matsa dama, ta dawo hagu, ta kai fuska dab da dutsen tana ƙifta ido.

"Saje," ta ce, "ina suka kai min shi?"

Sai a lokacin Saje ya gane. Kaico! Ashe duk shekarun nan ba sunan take ganewa ba, tabon take bi.

"Yana nan, Inna. Wanke shi na yi."

Ya ɗingiso zai kama hannunta, amma kafin ya iso yatsunta sun sauka a layin ƙasa, kan sunan wani soja da Saje bai taɓa ganin kowa ya zo dominsa ba. Fuskarta ta washe.

"Ga shi nan! Ja'iri, ɓuya kake min?"

Saje ya riƙo wuyan hannunta a hankali zai ɗaga shi sama. Ta make masa hannu.

"Kai, sakar ni! Ni za ka nuna wa ɗan da na haifa?"

Ya sake ta, ya yi shiru. Shirun ne ya tsorata ta. Ta juyo gare shi.

"Ko ba shi ba ne, Saje?"

Ya dubi sunan autan nata, ga shi can sama da yatsunta da taƙi ɗaya, sabon fenti na ƙyalli. Ya dubi tsohuwar. Ya ji ya tsani hannuwansa.

"Shi ne, Inna," ya ce.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta soma shafa sunan ɗan wata, tana ba shi haƙurin kwanakin da ba ta zo ba.