Mai Riƙon Igiyar Baba Zarami

A shekarar da aka bar fam aka koma naira, fari ya kama ƙasar Ɓaɓura har rijiyoyin Kanya Babba suka ja baya. A cikin wannan hali Lauwali ya dawo daga gidan yari. Laifinsa ba ɓoyayye ba ne: jakunan mutane yake kwancewa ya tsallaka da su iyaka ya sayar. Ga shi kuma da zuciya, ba a gaya masa magana ya haɗiye.

Dattawan unguwa suka zauna a kansa a ƙofar gidan mai unguwa. Mafi yawansu suka ce a ba shi kwanaki ya bar garin. Sai Baba Zarami, tsohon da ya gaji haƙar rijiya kaka da kakanni, ya ce korar ɓarawo ba maganin sata ba ce, kai wa maƙwabta ita ne kawai. Ya roƙa a ba shi Lauwali ya sa shi aiki. Aka amince, amma da sharaɗi: ranar da aka sake kawo ƙararsa, ko ta sata ko ta faɗa, ranar zai tafi.

Lauwali ya fara da zubar da ƙasa. Kwando ya fito daga rami, ya ɗauka ya kai nesa ya juye. Bai yi ƙorafi ba. Sai dai a wannan sana'a mai zubar da ƙasa ɗan taya aiki ne, yau yana nan gobe an sallame shi. Wanda ya zama ɗan gida shi ne mai riƙon igiya. Ƙasar wajen rairayi ce, tana iya zubowa ba sallama, saboda haka mai haƙa ba ya kwance igiya daga ƙugunsa, wanda ke sama kuma ba ya sakinta, ba ya juya baya, ba ya hira, har sai na ƙasa ya fito. Kuma mai shiga shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa.

Ba wanda ya zaɓi Lauwali. Daudu, babban ma'aikacin Zarami, ya faɗa a gaban kowa cewa wanda ya saba kwance igiyar jaki ba zai riƙe tasa ba. Aka yi dariya. Lauwali ya ji, ya ci gaba da juye kwandonsa, amma ya san zamansa ya kusa ƙarewa. Tsofaffin abokansa na bakin iyaka kuwa sun riga sun aiko masa cewa wurinsa na nan.

Ran da aka je ƙara zurfin rijiyar bakin kasuwa, Zarami ya tuɓe rigarsa. Ya daɗe rabonsa da shiga rami, gwiwoyinsa sun gaji. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Lauwali ɗaya bakin.

Lauwali ya ce, "Baba, ni?"

"Akwai wani Lauwalin a nan? Riƙe. Ko sama za ta faɗo, kada ka saki."

Daudu ya so ya hana, tsohon ya dube shi sau ɗaya, Daudu ya ja baya. Aka zura Zarami a hankali har muryarsa ta koma kamar daga cikin tulu.

Rana ta take, sai ga Sama'ilu mai hatsi, ɗaya daga cikin waɗanda Lauwali ya raba da jakunansu. Asarar ta taɓa shi ƙwarai, don da kansa ya riƙa dakon buhu a kakar da aka sace masa jakin. Da ya ga wanda ke bakin rijiya, sai ya ajiye kekensa ya nufo shi. Ya kira shi ɓarawo, ya ambaci uwarsa da ubansa, ya tambayi jama'a ko yanzu ruwan garin ma a hannun ɗan gidan yari za a sha shi. Mutanen kasuwa suka taru. Lauwali bai ɗago kai ba. Wannan shirun ya ƙara tunzura Sama'ilu, ya sa hannu ya kaɓe masa hula, ta faɗa cikin taɓo.

Da a da ne, da tuni Lauwali ya kai Sama'ilu ƙasa. Hannu ɗaya kawai zai saki, ɗayan ya isa ya tare igiyar na ɗan lokaci. Haka zuciyarsa ta raya masa. Amma yana jin motsin tsohon a tafin hannunsa, duk saran da ya yi sai igiyar ta girgiza. Ya ƙara naɗe ta a damtse, ya kafa ƙafafunsa, hawayen takaici na zubo masa, bai samu hannun sharewa ba.

Daudu ne ya shiga tsakani. Ya ce wa Sama'ilu in yana da magana ya jira a fito da mutum, ba a faɗa da mai riƙon igiya, ko mahaukaci ya san wannan. Sama'ilu ya duba ya ga ba mai goyon bayansa, ya ja kekensa ya tafi yana gunaguni.

Da aka jawo Zarami, ya fito jiƙe da laka, ya tambayi hayaniyar me ya riƙa ji. Aka gaya masa. Bai yabi Lauwali ba, don ba ya yabon mutum a kan abin da ya wajaba a kansa. Cewa kawai ya yi ƙasa ta fara damshi, a yi sauri wani ya karɓe shi.

Layin Daudu ne. Ya ɗauki hular nan daga taɓo ya karkaɗe, ya ɗora wa Lauwali a ka yadda ta samu. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙa wa Lauwali ɗaya bakin.

Ya ce, "Ni na fi Baba nauyi, ka gyara tsayuwa."

Lauwali ya gyara tsayuwa, Daudu ya zura ƙafafunsa cikin ramin.