Kwamfutar Sa'adatu Ta Je Boɗinga

Tun da Malam Shamsuddeen ya rasu, muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai cikin kwamfutar 'yarsa Sa'adatu. Shekara da shekaru tana ajiye waya a bakin ƙofar zaure tana naɗar karatun da yake ba magidantan Shagari bayan la'asar, har da tarinsa, har da faɗan da yake yi wa masu gyangyaɗi. Wayar ta daɗe da mutuwa, bayan ta juye karatun cikin kwamfutar. Ta sha cewa za ta kwafe karatun ta adana wani wuri, ba ta yi ba.

Burinta ba wani babba ba ne. Shafi take so a intanet, mara nauyi, wanda zai buɗe ko a ƙauye irin Mandera inda sabis ke zuwa da ƙyar, ɗaliban Malam su riƙa saurare. Ta karanci kwamfuta, ta san manhajar da za ta yi mata aikin: Jekyll, mai ɗaukar rubutu ta mayar da shi shafuka. Sai dai Jekyll ba ta tashi sai an fara girka Ruby, yaren da aka rubuta ta da shi. A nan gizo ke saƙar. Ruby ya sauko rabi, sabis ya ɗauke. Da ya sauko duka, baƙin allo ya cika da jan rubutu, wai akwai abin da babu. Kwana da kwanaki tana fama, har ranta ya ɓaci.

Mijinta Maniru ya ce, "Ki kai ta Boɗinga wurin Yaya mana. Shina da sola, ga sabis mai ƙarhi."

Yayan nan shi ne Mijinyawa, wan Maniru, mai shagon gyaran waya a ƙofar gidansa. Tun da aka kawo Sa'adatu gidansu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Saboda haka da ta sauka mota a Boɗinga, ta wuce shagon kai sunkuye, ta shige cikin gida wurin matarsa Hajjo.

Ta yi wa Hajjo bayani dalla-dalla: Ruby kawai za a gyara, a sa Jekyll, kada a taɓa komai, karatun Baba na ciki. Hajjo na yankan albasa tana gyaɗa kai. Ta goge hannu, ta ɗauki kwamfutar ta leƙa shago.

"Matar Maniru tac ce na'urag ga ta ƙiya. Ka duba abin da taka son sawa."

Iyakar abin da ya isa kunnen Mijinyawa ke nan.

Shi kuwa magani ɗaya gare shi, ko ciwon kai aka kawo ko karaya. Na'ura ta yi gardama, a goge ta tas, a zuba sabuwar manhaja. Bai taɓa samun mai ƙorafi ba, don abin da mutane ke rasawa finafinai ne da waƙoƙi, shi ke sake tura musu kafin su tashi.

Hankalin Sa'adatu bai kwanta ba. Ta tashi ta je har bakin zaure, ta ji muryarsa da ta abokansa suna gardamar farashin taki. Taku kaɗan ne tsakaninta da teburin aikinsa. Kalma ɗaya za ta faɗa. Amma ta yaya matar ƙane za ta kutsa cikin maza ta koya wa wan miji aikinsa? Ta koma ta zauna ta karɓi furar da Hajjo ta dama. Ni mai ba da labarin nan ina jin haushin wannan zama nata har yau, ko da yake ban san macen da za ta yi dabam ba.

Bayan azahar ya yi sallama ya shigo, fuska a sake. Ta ja mayafi ta durƙusa.

"Na wanke ta sarai," in ji shi. "Dut tarkacen da yac cika ta na hidda. Ga Rubin naki ya zamna, ga guda ɗin ma. Sai da nib bincika yadda aka yi nai, don ke."

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya ajiye mata ita a kan tabarma, shafin gwaji a buɗe, fari fes, babu jan rubutu ko ɗaya. Ta sa yatsa ta nemi inda karatun yake. Babu. Ta nemi sunan Malam, ba ta samu ko harafi ba. Ta san aikin, ta san an riga an zuba sabo a kan wurin.

Ta ji kamar yau ne aka fita da gawar Malam. Mijinyawa na tsaye yana jira, yana murmushi.

"Ya yi ko?"

Ba ta ɗaga kai ba.

"Ya yi, Yaya," ta ce. "Allah shi saka da alheri."