Hakin Manaja a Kwanar Bene

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kife wayoyin.

An yi wani manajan kamfanin sayar da kayan gini, dogo mai tumbi, wanda tsufa ya fara yi wa sallama ta gwiwa. A gabansa ma'aikata kan ce Yallaɓai, a bayansa kuwa Hadari suke ce masa, don in ya haɗe gira sai ka fara neman inda za ka fake. Bawan Allah ba mugu ba ne, haka fuskar take tun yana goye.

Bayan iyalinsa, ba abin da yake so kamar motarsa, wata tsohuwar shuɗiya mai faɗin gaba. Ko shagon da ke kallon gidansa za shi, sai ya tayar da ita. Daga gado sai mota, daga mota sai lifta, daga lifta sai kujera mai juyawa a can ƙololuwar bene. Ƙafafunsa dai aikinsu ɗaukar takalmi.

Wata rana jiri ya ɗebe shi yana ɗaura igiyar takalmi, matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti. Likitan kuwa ƙaninta ne, kun san abin da ke tsakanin miji da ƙanin mata.

"Yaya, hau sikelin a hankali," in ji likita. "Amana aka ba ni."

"Kai, yaro, ina neman yayarka kana yawo ba wando."

"Haka ne. Yanzu kuma naka wandon ne ya ƙi rufuwa. Jininka ya hau, nauyinka ya hau, kai kaɗai ne ba ka hawa komai. Motsa jiki za ka fara."

Manaja ya ce shi ba shi da lokaci. Taro da safe, taro da rana, ga masu kawo siminti, ga masu ƙorafi. Likita ya ce ba a ce ya bar aiki ba, ya bar lifta kawai, ya riƙa hawa matakala. Sai da suka iso gida matar ta zare makullin motar, ta jefa a jakarta ta ja zif.

"Baban yara, ranar da sikelin ƙanena ya sauka, ranar makulli zai fito."

"Maman yara, da me zan je aiki?"

"Da bas, kamar sauran bayin Allah. Ni ko yau aka ce in hau benen nan naku, da waƙa zan hau."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ƙi cin abincin rana, ya ci na yamma ninki biyu. Jaka dai ba ta buɗu ba.

Washegari ya sauka daga bas da rigarsa a yamutse, ya wuce ƙofar lifta kamar bai san ta ba, ya kama matakala. Kafin ya kai kwanar farko ta matakalan, ƙirjinsa ya fara kiɗa. Ya tsaya. Ga ma'aikata suna ta wucewa, ina manaja ina haki a gaban yara? Sai ya goya hannuwa a baya, ya datse baki, ya ƙura wa bango ido, yana jan numfashi ta hanci a ɓoye. Ƙoƙarin riƙe hakin ya sa girar nan ta haɗe har ta zama ɗaya.

A hawan farko ofishin Akanta yake, wani siririn mutum mai yawan tsoro. Ya leƙo ya ga Hadari ya tsaya yana hararar bango. Ya bi idonsa, sai ga tsaga a jikin fenti. Washegari bango ya sha sabon fenti.

A kwana ta biyu, abin da ke gaban Manaja ƙofar Uwar Sito ce, matar da ke kula da ɗakin ajiyar kaya. Ita ma ya tsaya ya ƙura wa ƙofarta ido, gumi na tsattsafo masa, leɓensa na rawa. Da ya wuce ta sauko wurin Akanta da mayafi a hannu.

"Malam Akanta, ka ga irin kallon da ya yi wa ƙofata? Har rawa bakinsa yake don fushi."

"Ni ma haka ya yi mini. Mutumin da bai taɓa taka matakalar nan ba. Bincike ne, Uwar Sito. Kora za a yi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ke zuwa a makare ya fara riga mai shara isowa. Aka canza ƙwan fitilar da ya mutu tun bara, aka kwashe kwalayen da ke tare hanya, wani ma ya kawo tukunyar fure. Manaja kuwa kullum yana nan a kwana yana yaƙi da numfashinsa, bai ma lura ba.

Da kallon ya ƙi ƙarewa, Uwar Sito ta ce ai ba a tarar hadari da hannu sake. Ranar nan Manaja na isowa kwanar farko sai ga kujera, ga Akanta da kofin shayi mai kauri da biskit a faranti.

"Yallaɓai, a ɗan jiƙa maƙogwaro."

Manaja ba shi da numfashin cewa a'a, sai ya zauna. Da ya kai kwana ta biyu ya tarar da kujera mai laushi, da burodi an shafe shi da bota ciki da waje. 'Yan hawa na uku suka ji labari, suka ce ba za a kore su don rowa ba, suka sayo kek. Gasa ta kankama. Manaja ya riƙa isa ofis da ƙyar, ba don haki ba, don ƙoshi. A ransa yana cewa ashe motsa jiki abu ne mai daɗi haka, mutane ke ɓata masa suna.

Da wata ya cika suka koma asibiti. Ya hau sikeli yana murmushi, hannunsa a miƙe wajen jakar matarsa. Likita ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"Yaya, benen kake hawa ko cinye shi kake yi?"

"Sikelinka ne ya lalace."

"In ya lalace, kai ka lalata shi. Ka ƙaru."

Matar ta rungume jakarta. Ya rantse mata kullum yana hawa, ta ce gani ya kori ji, gobe ƙafarta ƙafarsa.

Da safe suka shiga bas tare. A gindin matakala ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ya wuce gaba. A kwanar farko ta ga kujera, ta ga shayi, ta ga biskit, ta ga mijinta ya zauna kamar gidansu.

"Wannan fa?"

Akanta ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ki sa baki. 'Ya'yana biyar. Mun yi fenti, mun sa fure, amma kullum sai ya tsaya ya harari bangon nan. In akwai laifin da ya rage, a faɗa mana."

Ta dubi mijinta, ta dubi bango, sai dariya ta ƙwace mata har da riƙe ƙarfen matakala.

"Bawan Allah, tashi. Ba bincike yake ba. Haki yake yi."

Manaja ya so ƙasa ta tsage. Uwar Sito da ke leƙowa daga sama ta ce, "To ni botar da na yi ta saye fa?"

"Ga ta nan a gabansa," in ji matar, ta nuna tumbin. "Taso, Baban yara, ka ga yadda ake hawa bene."

Ta shige gaba da sauri, jaka na lilo. Rabin hawa na biyu tafiyar ta fara nauyi. Da ta kai kwana sai ta tsaya cak. Ta goya hannuwa a baya, ta datse baki, ta ƙura wa ƙofar Uwar Sito ido. Manaja ya iso a hankali, ya tsaya kusa da ita. Suka jima suna kallon ƙofar tare, kowa na shaƙar iska ta hanci.

"Maman yara, ban ji waƙar ba."

Ta ci gaba da hararar ƙofar, ya bi idonta.

"Ƙofar nan na buƙatar fenti, ko?"

"Ƙwarai," ta ce da ƙyar. "A ba ni kujerar."

Wanzami dai ba ya son jarfa. A kan kujerar nan aka yi sulhu. Aka kwashe shayi da burodi da kek, aka bar ruwa. Manaja ya ce tunda asiri ya tonu, zai yi hakinsa a fili, kuma duk mai son ya sa masa hannu a takarda ya biyo shi matakala su yi maganar suna hawa. Nan take dogayen taruka suka gajarce, don ba mai iya jan zance a hawa na uku. Matar kuma, tunda an kama ta, kullum ita ke raka shi da ƙafa har tashar bas ta gaba, su tafi suna gardamar wa ya fi wani haki.

Bayan 'yan watanni sikeli ya sauka. Likita ya ce shi dai bai yarda ba, amma ya sa hannu. Matar ta zuge jaka ta miƙa makulli. Manaja ya sa sababbin kaya, ya shiga mota, ya murɗa. Shiru. Ta daɗe a ajiye, batir ya mutu.

"Sai turi," in ji matar. Ta zagaya ta zauna a kujerar direba. "Kai ne mai ƙarfi yanzu."

Ya tura ta har ƙarshen layi, kuma bai tsaya kallon bangon kowa ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Manaja ya samu motarsa, amma ranakun aiki bas yake hawa, don an saba ajiye masa wuri kusa da taga. Matarsa tana hawa bene yanzu, ba dai da waƙa ba. Akanta yana nan a kan aikinsa, har yau in aka kalli bango sai gabansa ya faɗi. Uwar Sito ta cinye sauran botar, ita ce ke zuwa wurin likita yanzu. Ƙofarta kuwa an yi mata fenti.